Kanari da Aku a Keji: Fa'idodi da Illoli

Wanda ya saba ratsa lungunan Fagge da safe ya san kukan kanari daga kejin da aka rataye a ƙofar shagon tela. A Sabon Gari kuma ba a rasa gidan da ake taƙama da aku mai amsa sallama. Murya ce ta jawo wa tsuntsayen biyu keji, amma halin da suke ciki a daji ba ɗaya ba ne.

Fa'idodi

Tsuntsun keji yana ɗebe kewa, musamman ga mai wuni a shago ko dattijon da ya daina fita. Masu saƙa keji da masu sayar da gero suna samun abin sawa a bakin salati. Yaron da aka ɗora wa canza ruwa da share keji yana koyon tausayin dabba. Malamai da dama sun halatta kiwon, suna kafa hujja da hadisin ƙanen Anas ɗan Malik mai ɗan tsuntsu, bisa sharaɗin ba shi ci da sha.

Illoli

Galibin tsuntsayen nan daga daji ake kamo su. Kanari da ɗan'uwansa ake yaudararsa: a sa ɗaya cikin keji mai tarko, kukansa ya jawo wani. Duk da haka ƙungiyar kare halittu ta IUCN ba ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa ba, domin ya bazu daga Senegal har Sudan.

Aku kuwa ya shiga uku. A kogon manyan bishiyoyin kurmin kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango yake sheƙa, 'ya'yansa kaɗan ne a shekara, ga sare daji. Da yawa suna mutuwa a hanya saboda cunkoso da ƙishirwa. A Ghana an kiyasta ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari tun 1992. A 2016 IUCN ta ayyana shi cikin haɗarin ƙarewa, taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES a Johannesburg kuma ya haramta fataucin na daji tsakanin ƙasashe.

Kammalawa

Illar sayen aku ta rinjayi fa'idarsa nesa ba kusa ba, domin kuɗin mai saye ne ke mayar da maharbi kurmi. Kanari yana da sauran sarari, amma yawa ba ya hana ƙarewa. Mai sha'awarsa ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida, ya yalwata masa keji, ya kuma kula da haƙƙinsa.