Sharhi: Jijiyoyin wuya da gargaɗin da ke zuwa kafin shanyewar ɓarin jiki

Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ce duniya ta ware domin faɗakarwa kan cutar shanyewar ɓarin jiki, kuma a Nijeriya jawaban ranar sun fi karkata ga hawan jini. Akwai dalili: binciken SIREN da aka gudanar a Nijeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ke cikin jagororinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen haddasa cutar. Abin da ba a cika ambata ba shi ne rawar da manyan jijiyoyin wuya biyu, waɗanda likitoci ke kira karotid, ke takawa.

Su ne ke kai mafi yawan jinin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Idan kitse ya taru a jikinsu sukan tsuke, wani lokaci kuma ɗan gudaji ya ɓalle ya toshe ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Sau da yawa akan samu gargaɗi tukuna: hannu ya mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya dushe, sannan cikin mintuna komai ya dawo daidai. A nan ake yin asara, domin iyali sukan yi hamdala cewa abin ya wuce, wasu ma su danganta shi da iska, alhali kwanakin farko ne suka fi haɗari.

Gano matsalar bai da wuya. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, tana nuna yadda jijiyar ta tsuke ba tare da allura ko yanka ba. Magani kan fara da asfirin, da magungunan rage kitse da na hawan jini, da barin taba. Idan tsukewar ta kai kashi 70 cikin 100 ga wanda ya riga ya ga alamu, tiyatar kankare kitsen tana da amfani ƙwarai: wani babban bincike na Amurka da Kanada a 1991 ya gano haɗarin cutar cikin shekara biyu ya sauko daga kashi 26 zuwa kashi 9. Amfanin ya fi yawa idan aka yi aikin cikin mako biyu.

Wannan wa'adi ne ya fi yi wa Nijeriya nauyi. Likitocin tiyatar jijiyoyin jini kaɗan ne, yawancinsu a asibitocin koyarwa, kuma majinyaci kan ƙare makonnin wajen neman takardar turawa da haɗa kuɗi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista, amma akasarin jama'a daga aljihunsu suke biya.

Ba a buƙatar duba wuyan kowa. Hatta a Amurka masana ba su goyi bayan duba marasa alamu ba. Abin da ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da jihohi su tabbatar shi ne duk wanda ya zo babban asibiti da alamar da ta ɗauke a duba wuyansa cikin kwana ɗaya ko biyu, a kuma sa kuɗin hoton cikin abin da inshora ke biya.