Raddi Ga Mai Cewa Waya Ta Wadatar Da Yaran Batsari

Wata magana na yawo a majalisu daga Batsari har Safana, kuma kwanan nan wani malami da nake ganin girmansa ya ɗauke ta ya ƙara mata gishiri. Wai kai kwamfuta makarantun karkara ɓarnar kuɗi ce. Dalilansa: wayar hannu ta riga ta ƙwace aikin kwamfuta, injinan gwanjo sun tashi aiki tunda Microsoft ta yi watsi da Windows 10, yara gem kawai za su buga, sannan babu wuta. A taƙaice, ɗan ƙauye ya riƙe Tecno ɗinsa ya gode wa Allah.

Allah ya gafarta Malam, hujjar farkon nan ita ce mafi rauni, kuma a kanta ka jingina sauran. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir. Duk yaron da ke son shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wayar da kake taƙama da ita ko ƙofar ɗakin ba a bari ta wuce. Na san za ka ce ai an sauƙaƙa, harafi kawai ake dannawa: A, B, C ko D don amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Haka ne. Amma ka taɓa tsayawa bayan yaron da ranar ce ya fara ganin kwamfuta ido da ido? Yatsansa ya saba da shafa gilashi, sai ka ga ya miƙa hannu yana dangwalar fuskar injin, ita kuwa ko gezau. Ya ɗaga maus sama yana juya shi. Lambar rajistarsa kaɗai ta ci masa mintoci, agogo na tafiya a kusurwar allo, gumi na zuba, yana tsoron taɓa S kada komai ya tafi. Yaron nan ya san ilmin sinadarai, hannunsa ne bai sani ba. Ɗan birnin Katsina da ke gefensa bai fi shi ƙwaƙwalwa ba, ya dai riga shi taɓa injin. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam. Ga shi ita ma WAEC ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta waje tun 2024.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ce mutumin yankinmu ne ke wannan magana. Har an manta da Satumbar 2021? Lokacin Gwamna Aminu Bello Masari aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki. Aka kwashe watanni babu sabis. Masu POS suka naɗe tabarma, mutum ya biya kuɗin mota zuwa Katsina don ya kira ɗan'uwansa, waya ta koma tocila. Kwamfutar da aka zuba wa tambayoyin gwaji da littattafai ba ruwanta da sabis, kunna ta kawai za a yi. Waya ma tana ajiya, ban musa ba. To wayar wa? A gidaje da yawa ta maigida ce ko ta yaya, kuma yarinyar da ke aji shida na sakandare ba ta isa ta riƙe ta awa biyu tana gwaji ba.

Batun Windows kuwa, an ji ƙishin-ƙishin ne ba a bi diddigi ba. Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba, 2025 shi ne Microsoft ta daina aiko da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Injin bai mutu ba. Wanda ba zai ɗauki Windows 11 ba, a sa masa Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, ba ruwanka da lasisin jabu. In kana ganin Linux baƙon abu ne, duba aljihunka: Android ɗin wayarka a kan ƙashin bayan Linux aka gina shi, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991.

Gem fa? Za su buga, mana. Yanzu ma suna bugawa, a wayar da kake yabo da kuma gidajen gem na kasuwa. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana zaunar da ɗalibanta gaban na'urar kwaikwayon tuƙi, ba wanda ya kira wannan shashanci. A sa wa yara lokaci da mai lura, shi ke nan.

Wuta kuma, haba Malam. Da me mai cajin waya na bakin tasha yake cika wayoyin gari? Sola da janareta. Hasken ranar da ke cika Tecno ba zai ƙi laftof ba.