Karen Gida Amana Ne

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga birnin Damagaram ta nufi Takeita ya san Tirmini, garin da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa cikin watan Yuli na shekarar 1899. Amma abin da ya kai wannan fili Tirmini a wannan mako ba yaƙi ba ne. Wani kare ne mai suna Duna, da ɗan yaron da ya ciza.

Mai karen wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi, wanda mangazarsa ba ta rabuwa da buhunan gero da na wake. Shekara 7 Duna yana kwana a bakin wannan mangaza, kuma tsawon shekarun nan ɓarawo bai taɓa kusantar ƙofarta ba. Ladansa bai wuce ƙanzon tuwo da ruwan wankin tukunya ba. Allura kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa yi masa ba, domin babu wanda abin ya zo wa a rai. Wata safiya cikin hunturu sai aka gan shi da tsaga a kunne, alamar ya kwana yana faɗa da wani baƙon kare. Ba wanda ya kula, tun da faɗan karnuka ba labari ba ne.

Bayan kamar mako 4 sai halinsa ya sake. Ya daina ci, ya koma ƙarƙashin rumbu ya laɓe, muryarsa ta dushe, bakinsa a buɗe miyau yana zuba. Ɗan autan gidan, yaro mai shekara 8 wanda shi ne ya saba kai masa abinci, ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya miƙa hannu zai cire. Nan take Duna ya cafke shi a wuyan hannu.

Kakar yaron ta ce a tsigo gashin karen a ƙona a shafa tokar a kan raunin, kamar yadda aka gada. Allah ya sa maƙwabcinsu, mushen lakkwal, yana kusa ya ji kukan.

Ya ce, "Alhaji, don Allah a dakata da wannan. A kawo sabuni da ruwa."

Alhaji ya ce, "Haba Mushe, ɗan ƙwarzane ne fa. Kuma karen gida ne, ba baƙo ba."

Mushe ya ce, "Ranka shi daɗe, wannan ciwo bai san na gida ba. Kwana nawa ke nan rabon karen nan da abinci?"

Alhaji ya yi shiru. Aka wanke hannun yaro da sabuni ana ta kwarara ruwa, Mushe yana duban agogo har minti 15 suka cika. Daga nan sai likitar gari, daga can aka tura su Damagaram, kuma kafin faɗuwar rana an yi wa yaro allura ta farko. Duna kuwa aka kulle shi a wani ɗakin da ba kowa, ana miƙa masa ruwa ta taga. Rana ta huɗu aka iske shi ya mutu. Yaron yana nan lafiya lau, yana zuwa lakkwal.

Da an bi shawarar toka, da mai yiwuwa labarin ya ƙare a maƙabarta. Ciwon haukan kare wata ƙwayar cuta ce da ke cikin miyan dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yakushi, ko lasar wani rauni, sa'an nan ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Galibi tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar jama'a: rauni ya warke, a manta, har a yaba wa mai maganin gargajiya. Ranar da alamu suka bayyana, wato zazzaɓi, firgita, da tsoron ruwa har mai ƙishirwa ya kasa haɗiye kurɓi ɗaya, to aikin gama ya gama, domin kusan babu mai tashi. Amma kafin wannan rana ƙofar magani a buɗe take.

Ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ne wannan ciwo ke kashewa kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma 4 daga cikin kowane 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, saboda su ne ke wasa da kare, su ne ke jifansa, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye. Abin takaici shi ne maganin ba sabo ba ne. Ranar 6 ga watan Yuli na 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya sa aka fara yi wa wani yaro mai shekara 9 allurar da ta cece shi daga cizon mahaukacin kare. Wato allurar ta girmi yaƙin Tirmini da shekara 14.

Saboda haka wanda kare ya ciza, ko na gida ne ko na titi, abu uku ke gabansa. Ya wanke wurin da sabuni da ruwa mai yawa har minti 15. Kada ya ɗaure raunin ko ya cusa masa toka, barkono ko ƙasa. Ya tafi likita a ranar, kada ya jira ranar kasuwa ko ƙarshen wata, kuma ya cika dukkan allurar da aka tsara masa, sau 3 ko 4, ko da ya ga rauni ya bushe. Idan karen yana da mai shi kuma lafiyarsa ƙalau, ba a gaggauta kashe shi, sai a tsare shi a ƙalla kwana 10 a sanar da ma'aikatan kiwo. Wanda ya wuce waɗannan kwanaki yana ci yana sha, to bai ɗauke da ciwon a miyansa ranar da ya yi cizon ba.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin lissafi, to ga lissafi. A ƙiyasin OMS na shekarar 2018, jinyar cizo ɗaya, in an haɗa da kuɗin mota da ranakun aikin da aka rasa, tana cin kimanin dalar Amurka 108, abin da ya kusa jikka 60 ta sefa. Allurar kare ba ta kai ko kusa da haka ba. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa maimaitawa bisa tsarin da likitan dabbobi ya rubuta a takarda. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 7 daga cikin 10 na gari, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Maƙwabta sun gwada: a Njamena, babban birnin Cadi, an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka haura wannan adadi, sai ciwon ya ɗauke na wani tsawon lokaci, har sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Darasi biyu ke nan, allura tana aiki, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. An keɓe ranar 28 ga Satumba don tunatar da duniya wannan batu.

Sai dai allura kaɗai ba ta sauke amana. Karen da ke ƙoshi a gida ba ya yawon juji, wanda ba ya yawon juji kuwa ba ya gamuwa da mahaukaci. Dussa da aka dama da tsari, tuwon da ya kwana, ɗan romo da babban ƙashi sun ishe shi, tare da kaskon ruwa mai tsabta a inuwa, musamman cikin bazara. Ƙashin kaza da aka dafa yakan tsage ya soke masa hanji. Ɗanyen huhu ko hanta mai ƙulli-ƙullin ruwa, irin wanda mahauta ke yarwa, yana sa masa tsutsar da ƙwanta ke komawa ga mutane da bisashe ta hanyar kashinsa. Kaska kuma a riƙa dubawa a kunne da tsakanin yatsu.

Horo ma haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna ɗaya ake sa wa kwikwiyo, a kira shi da shi lokacin abinci, in ya zo a ba shi ɗan abu, a haka zai koyi amsa kira. Duka ba ya koya wa kare gadi, tsoro yake koya masa, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizon ba zato. Yara su ma suna bukatar nasu horo: ba a jifan kare, ba a taɓa shi yana ci, ba a kusantar karya mai ƴaƴa, kuma in kare ya biyo mutum tsayawa cik ta fi gudu.

Akwai masu cewa ai kare ƙazanta ne, bai cancanci wannan ɗawainiya ba. Malaman Malikiyya sun halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma ba su ɗauki jikin rayayyen kare najasa ba, ko da yake sun yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau 7. Kowane almajiri ya san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba dole ba ne mutum ya ajiye kare, amma wanda ya ajiye ya ɗauki nauyi. Wannan magana ta shafi ma'aikacin gwamnati da aka canza wa wurin aiki, ya loda kujeru da katifa a mota, ya bar kare a ƙofar gidan haya. Wannan karen shi ne baƙon da gobe zai tsaga kunnen wani Duna.

Da Duna ya mutu, ba a ja shi zuwa juji ba. Aka naɗe shi cikin tsohon buhu ba tare da hannu ya taɓa bakinsa ba, aka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya aka binne, aka wanke ɗakin da ruwan jabel. Ɗan auta ya yi kuka kamar ransa zai fita, har yayyensa suka fara yi masa dariya, wai yana makokin kare. Alhaji ya tsawata musu, ya ce duk wanda ya yi shekara 7 yana tsaron abincinsu ya cancanci hawaye, kuma laifin ba na Duna ba ne, na wanda bai kai shi allura ba ne. Daɗin da ya yi wa yaron ke nan, domin ya kwana uku yana zargin kansa.

Bayan girbi aka kawo wani kwikwiyo daga rugar Fulani. Ranar da ya cika wata 3, Alhaji da kansa ya aza shi cikin kwali ya kai shi wurin ma'aikatan kiwo. Takardar allurar tana cikin akwatin ƙarfe, tare da takardun duwan da na haraji. Allah shi kiyaye ƴaƴan kowa, amin.