Wa Ya Rubuta Takardun?

Har yau akwai masu zargin Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya, da yi wa tarihi ƙari a littafinsa Sarraounia na 1980. Hujjarsu ita ce takardun Faransa ba su ambaci sarauniyar Lugu ba sai a ƴan layuka. To, wa ya rubuta takardun? Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone Birnin Konni a 1899, ita ce za ta zama shaida?

Mamani ya riƙe abin da ya tabbata: shekara, hanyar runduna, yaƙin Lugu. Inda takarda ta yi shiru, ya ɗauko daga bakin mutane, ya cike da hikimarsa. Aikin marubuci ke nan.

Laifi yana wuyan malamin da ke karantar da littafin tamkar darasin tarihi, bai nuna wa ɗalibi inda ƙirƙira ta soma ba. Babban laifi kuwa na ƙungiyoyin al'adu ne. Daga Gamu zuwa Gure, tsofaffin da suka san labarin sarakunan Muniyo suna ta ƙarewa, masu alƙalami suna can suna gardama a kan Mamani.