Alwala Daga Tsaunin Kampagi Take Farawa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa ya raya ƙasa da shi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW).

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, a makon jiya ina karantar da babin tsarki a Islamiyya, na zo inda malaman fikihu suka ce ana gane lafiyar ruwa da abu uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ruwan da muka saya jiya ja ne kamar kunun kanwa, wa ya ɓata shi?" Na amsa mata hukuncin, cewa jirkicewar da laka ta jawo ba ta hana alwala. Amma ainihin tambayarta ban amsa ba, kuma ita ce ta hana ni sukuni.

Mu da muke zaune tsakanin Shika, Samaru da Sabon Gari, da yawanmu iyakar saninmu da ruwa shi ne bakin famfo, ko kurar ɗan ga-ruwa. Alhali kogin Kubanni daga tsaunin Kampagi kusa da Shika yake tasowa, ya bi ta Samaru, ya ratsa Zariya, ya faɗa Galma. A kansa aka gina madatsar Jami'ar Ahmadu Bello a 1973, domin shan ɗalibai da ma'aikata. Duk ruwan saman da ya sauka a gonakin da ke gangarowa cikin wannan kogi, to can ya nufa, kuma ba ya tafiya hannu rabbana. Abin da ya tarar a ƙasa, da shi yake tafiya.

Ga yadda abin yake. Idan aka sare ɗorawa da kaɗanya aka yi gawayi, aka kuma yi huɗa har bakin rafi, ruwan farkon damina sai ya tarar da ƙasa tsirara. Ya kwashi ƙasar sama, wadda ita ce albarkar gona, ya haɗa da takin zamani da maganin feshi, ya zuba a kogi. Manomi ya yi asarar ƙasarsa, kwazazzabo ya ci gonar. Laka ta kwanta a gindin madatsa ta rage mata ciki, kamar randar da aka zuba wa yashi. Takin kuma ya ciyar da gansakuka da ciyayin ruwa. Masu tace ruwa su ƙara magani, kuɗi ya ƙaru, rani ya zo ruwa ya gaza. Malaman jami'ar nan sun daɗe suna rubutu a kan cikewar madatsar Kubanni da laka. Ashe ke nan ko sabuwar matatar Zariya mai lita miliyan 150 a rana, wadda aka buɗe a 2017, ba za ta wadatar ba in aka bar kan kogi ya lalace.

Ra'ayina shi ne mu dawo da hurumi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabza, malaman fikihu kuma sun yi bayanin cewa rijiya da kogi suna da harabar da ba a yin abin da zai cutar da su a cikinta. Kakanninmu ma sun san hurumi da burtali. Me zai hana a bar 'yan taku kaɗan a kowane gefen rafi babu garma, a dasa jema da gamba su riƙe ƙasa, a jera mangwaro da giginya a bayansu?

Na san abin da wani zai ce: "Malam, kai albashi kake ci. Wannan bakin fadamar da kake so a bari, nan ne tumatir da raken da nake ciyar da iyalina da rani." Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma zalunci ne a ɗora wa talaka nauyin ruwan da gari duka ke sha. Shi ya sa na ce wanda ke sha shi ya kamata ya biya. Birnin Niyok na Amurka haka ya yi. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da mutanen tsaunukan Katskil, inda mafi yawan ruwansa ke fitowa: yana biyan kuɗin gyaran gonaki da garken shanu, yana sayen fili daga wanda ya yarda ya sayar, ya bar shi daji. Suka ga hakan ya fi musu arha a kan gina katafariyar matata. Mu kuwa da muka gāji labarin Sayyidina Usman (RA), wanda ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta, ai mu muka fi cancanta da wannan dabara.

Abin takaici, ilimin yana ƙofar gidanmu. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, ga ta binciken dabbobi a Shika. Abin da ya rage shi ne masu haɗa manomi da masani, kuma ku ne, matasa. Mawadatanmu suna rige-rigen haƙa burtsatse a masallatai, Allah ya saka musu. To a gaya musu cewa biyan manomi diyyar bakin rafinsa, ko sayen dashe dubu, shi ma shayarwa ce, sai dai ba a manna mata allon suna.

Ni dai na yi wa ɗalibaina alƙawari: kafin damina za mu taka zuwa bakin Kubanni, kowa da dashensa, su ga inda ruwan alwalarsu ya fito. Kai fa, ɗan'uwa, ka taɓa zuwa ka ga naka?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu zama masu gyara. Wassalam.