A bar baƙuwar kyanwa ta ɓuya

Yadda kyanwa ke shigowa gidajenmu kusan iri ɗaya ne. Ɓeraye sun addabi uwargida, sun huda buhun masara, sun yi wa kayan ɗaki ɓarna, sai maigida ya sa a nemo masa mage. Ko kuma yara su tsinto wata a bakin kwata ruwan sama ya yi mata dukan tsiya, ko wadda 'yan unguwa suka raraka da jifa. A ƙunso ta a buhu wai don kada ta gane hanya, a zazzage ta a tsakar gida, kowa ya taru a kanta. Ita kuwa sai ta yi wuf ta shige ƙarƙashin gado ko bayan kayan hatsi, ta ƙi ci ta ƙi sha. Daga nan ake shiga yi mata alheri da ƙarfi da yaji: a zura tsintsiya a zunguro ta, a jawo ta a yi ta shafa, wani lokaci har a ɗaura mata igiya a wuya. Kwana biyu ta haura katanga, a ce dama mage ba ta da amana. Ni ban ga rashin amana a nan ba. Kyanwar da ta firgita ba ta yarda da mutum sai ta fara yarda da wuri. Saboda haka babban taimakon da za a yi mata shi ne a ba ta ɗan ƙaramin ɗaki rufaffe, a sa mata maɓoya a cikinsa, sannan a rabu da ita har ta fito don kanta.

Dalilin wannan yana cikin asalinta. Binciken ƙwayoyin halitta da Carlos Driscoll da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, wadda ta fara raɓar mutane kusan shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da manoma suka soma tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. Wannan kakar tata ba ta yawo a garke. Ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take kwana, kuma da yake 'yar ƙarama ce, kamar yadda take farautar wasu haka waɗanda suka fi ta girma suke farautarta. Kare zuriyar masu garke ne, in ya ga ubangidansa hankalinsa ya kwanta ko da a tsakiyar kasuwa ne. Kyanwa kuwa abin da ke kwantar mata da hankali shi ne sanin kowane lungu, kowace kafar gudu, kowane tudun da za ta ɗare in an biyo ta. Idan ka ga tana goga kumatunta a jikin ƙofa ko ƙafar kujera, ƙamshin jikinta take bari a wurin, wanda mu ba ma ji, don in ta dawo ta shaida cewa nan nata ne. To ranar da aka zazzage ta a sabon gida babu ko ɗigon wannan ƙamshi. Ga kunnenta da ke jin siririn sautin da ya ninka iyakar jin ɗan Adam kusan sau uku, ga janareto, ga dakan turmi, ga ihun yara. In kuma ta taɓa shan jifa, ɗaga hannu kawai ya isa ya kore ta, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi.

Mutane sukan ɗauka ɓuyar kyanwa ita ce matsalar da za a magance. Shaidar da ake da ita ta nuna ɓuyar ita ce maganin. A 2014 Claudia Vinke ta Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan ta bi diddigin kyanwoyi 19 da aka kawo sababbi gidan kula da dabbobin da ba su da masu su. Goma aka sa musu akwatin ɓuya a kejinsu, tara ba a sa musu ba. Waɗanda suka sami akwati, zuwa kwana na uku alamun firgici sun ragu a jikinsu sosai. Sauran sai da suka kusa mako biyu kafin su kai wannan matsayi, kuma a tsawon lokacin suna ta ƙoƙarin raɓewa a bayan ɗan bahon da suke kashi a ciki, tunda shi kaɗai ne abin fakewa. Kyanwoyi 19 ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da likitocin dabbobi suka daɗe da sani, cewa firgici mai tsawo yana hana kyanwa cin abinci, yana raunana garkuwar jikinta, har ƙwayar murar da ke kwance a jikinta ta farka, a ga ido na ruwa hanci na yoyo 'yan kwanaki bayan sauya gida. Wanda ya jawo ta daga maɓoya don ta saba da wuri, tsawaita ranar sabon yake yi.

Abin da ake bukata kaɗan ne, kuma kusan duk yana gidan. Ɗaki ɗaya mai ƙofa, ko sito, ko banɗakin da ba a shiga, matuƙar akwai iska kuma ba a ajiye maganin ƙwari a ciki ba. Kwalin taliya da ake yarwa a bakin shago, a huda masa ƙofa, a shimfiɗa tsumma, kuma kada a yi saurin wanke tsumman, don ƙamshinta ne ke taruwa a jiki. Ruwa da abinci a gefe guda, tsohon baho da rairayi a can ɗaya gefen, domin kyanwa ba ta son cin abinci kusa da inda take biyan bukata. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga, a lokaci ɗaya kullum, ya ajiye abinci, ya zauna a ƙasa ya ba ta gefen jikinsa, ya yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, ya tashi ya fita. Kada ya ƙura mata ido, don a wurinta wannan neman faɗa ne. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna a 2020 cewa idan mutum ya lumshe ido a hankali ga kyanwa, ta fi saurin mayar masa da lumshewar, ta kuma fi yarda ta matso kusa da hannunsa ko da ba ta san shi ba. Aikin da ya fi wuya shi ne riƙe yara, waɗanda galibi su ne suka tsinto ta kuma suna ganin tasu ce. A gaya musu gaskiya: in suna son ta zauna, su bar ta ta zo wurinsu. Wata kwana uku ta fito, wata sai ta yi makonni. Za a gane ta fara sakin jiki idan tana cin abinci a gaban mutum, tana lasar jikinta a fili, tana tahowa da wutsiya a miƙe sama. Sai a buɗe mata ƙofa zuwa sauran gidan, kwalin yana nan inda yake. Fita waje kuwa a jira mako biyu zuwa uku, kuma ranar farko a sake ta gab da lokacin cin abinci.

Wanda ya san addini zai iya cewa ai kulle kyanwa abin tsoro ne, tunda Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Wannan tsoro mai kyau ne, kuma da ma a ce kowa yana da shi. Amma a duba laifin matar kamar yadda hadisin ya bayyana shi: ta tsare dabbar, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba, har ta mutu. Tsarewar da ta haɗu da yunwa ita ce zaluncin. Ɗakin da ake magana a nan akwai ci, akwai sha, akwai ranar buɗewa, kuma an rufe shi ne don kada dabbar da ba ta san unguwa ba ta faɗa bakin kare ko ƙarƙashin mota a darenta na farko. In ana neman abin da ya yi kama da aikin waccan mata a gidajenmu, igiyar wuya ce, da ake ɗaure kyanwa a tsakar gida cikin rana, ba wurin gudu ba wurin fakewa, wata ma ta shaƙe kanta garin fizge-fizge. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Abu Ƙatada, wanda kyanwa ta zo wurin ruwan alwalarsa, ya karkata mata ƙwaryar ya jira har ta sha. Ita ta zo, shi kuma bai kama ta ba.

Wani kuma zai ce don ɓeraye aka kawo ta, in aka riƙa ciyar da ita a ɗaki sai ta sangarce ta daina farauta. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, kuma ba haka abin yake ba. Sha'awar farauta a jikin kyanwa daban take da yunwa. A wani gwaji da Robert Adamec ya yi a 1976, an sakar wa kyanwoyi ɓera suna tsaka da cin abincin da suke so, suka bar abincin suka kashe ɓeran, sannan suka koma kan kwanonsu. Abin da yunwa ke yi shi ne ta kai kyanwa gidan maƙwabci, kuma inda take ƙoshi nan ne gidanta, nan kuma za ta yi farautarta. Sai dai a san me ake zuba mata. Kyanwa maciyiyar nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Kan kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya, 'yan kayan ciki, guntun nama, ƙwai dafaffe, waɗannan sun fi mata. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madara kuma tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, duk da sunan da ta yi a matsayin abincinsu. Gidan da aka barbaɗa shinkafar ɓera kuwa, a share ta tas kafin a buɗe wa kyanwa ƙofa, don ɓeran da ya ci guba yana iya kashe wadda ta cinye shi.

Akwai masu ganin duk wannan fi'ilin Turawa ne, a ƙasar da mutane ke neman na koko. Da ina kira ne a sayi gadon kyanwa daga kanti da na karɓi wannan suka. Kwali ne da rairayi da haƙuri. Kuma ko wanda bai damu da dabbar ba ya damu da ɗansa. Kyanwar da aka rutsa a lungu ita ce ke yakushi da cizo, kuma wadda aka tsinto a titi ba wanda ya san ko tana ɗauke da cutar haukan kare, wadda kyanwa ma tana kamuwa da ita tana kuma yaɗawa. In ta ciji wani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba, domin in alamun cutar suka bayyana kusan ba a tashi. Ita ma kyanwar tana bukatar allurar rigakafi, kuma akwai asibitocin koyar da likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ban da na gwamnatocin jihohi. A nan ne kuma jiran da nake kira a yi yake da iyaka. Kyanwar da ta wuce kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, ko muzurun da ke ta tsugunno fitsari ya ƙi fita, ba kunya ce ke damunsu ba, likita suke bukata a ranar. Kada a ce za a taimaka da farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce wata kyanwar ba za ta taɓa zama ba, ko an yi mata duk abin da aka lissafa. Wannan gaskiya ne. Akwai ɗan lokaci a ƙuruciyar kyanwa, daga mako na biyu zuwa na bakwai da haihuwa, wanda a cikinsa ne take koyon cewa hannun mutum ba abin gudu ba ne. Wadda ta taɓa zaman gida ta ɓace, ko aka yar da ita, tana da wannan ilimi a ajiye, haƙuri yana dawo mata da shi. Wadda aka haifa a kango ko bayan kasuwa, ta girma ba wanda ya taɓa ta, da wuya ta koye shi da girma. Za a ga makonni suna wucewa tana maƙale a ƙuryar kwali, ba ta kuka wa mutum, ba ta cin abinci sai dare ya tsala, tana neman tsaga taga. Irin wannan kyanwa, ci gaba da riƙe ta a ɗaki cutarwa ce, kuma mai ita ya kamata ya karɓi haka ba tare da jin an yi masa butulci ba. A kai ta likita ya yi mata rigakafi da aikin hana haihuwa in da hali, a mayar da ita inda ta sani, a riƙa ajiye mata ruwa da ɗan abinci a wuri ɗaya. In kuwa ta riga ta haihu, 'ya'yan ne abin mayar da hankali a kai: a bar su da uwarsu har wajen mako takwas, amma tun daga mako na biyu a riƙa ɗaukarsu a hankali na 'yan mintoci kullum, mutane daban-daban, manya da yara masu natsuwa. Su ne za a iya rabawa gidaje su zauna.