Takardar CAC Ba Ta Tsare Sunan Kaya

A shaguna da dama na Wunti da Kasuwar Muda Lawal, da ƙananan masana'antun ruwan leda da yaji da man gyaɗa da ke unguwannin Bauchi, za a ga takardar Hukumar CAC an saka ta a gilashi an rataye a bango. Mai wurin ya ɗauka ya gama tsare sunansa ke nan. Alhali takardar shaida ce kawai cewa gwamnati ta san da kasuwancinsa. Sunan da ke jikin leda da tambarin da masu saye suka saba gani, wani ofishi daban ne ke yi musu rajista a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya.

Dokar tambarin kasuwanci ta 1965 ta ba wanda ya yi rajista shekara 7, daga nan ya riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14. Wanda bai yi ba, in aka kwaikwayi kayansa, yana iya zuwa kotu, amma sai ya kawo hujjar cewa jama'a da shi suka san sunan, kuma irin wannan shari'a tana cin kuɗi da lokaci. Abin takaicin shi ne, mutum ya shekara goma yana gina suna, wani ya riga shi zuwa Abuja.

Lamarin ya fi ciwo a wajen masu ƙirƙira. Bauchi na da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 domin fasaha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta Abubakar Tatari Ali. Duk shekara ɗalibai da malamai na haɗa injinan casa da na niƙa da na busar da amfanin gona. Dokar ƙirƙira ta 1970 ta ba mai ƙirƙira kariyar shekara 20 muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara, amma da sharaɗi biyu masu tsauri: dole abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba, sannan wanda ya fara shigar da takarda shi ke da haƙƙi. Ɗalibin da ya ɗauki bidiyon injinsa ya saka a Facebook yana bayanin yadda yake aiki, cikin murna da neman yabo, yana iya rasa haƙƙinsa da hannunsa. Ga wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: ofishin rajistar Najeriya cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce. Saboda haka Babbar Kotun Tarayya na iya soke takardar daga baya in aka ƙalubalance ta. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike shigar da takardunsu, kuma kamata ya yi malami ya aika ɗalibinsa can kafin ya baje kolin injinsa.

Samun takardar ma ba shi ne ƙarshen aiki ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da maganin sikila mai suna Niprisan daga haɗin gargajiya, ta samu takardar mallakarsa a Amurka a 1998, ta kuma ba kamfanin Xechem lasisin sarrafa shi shi kaɗai a 2002. Da kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi wuyar samu, masu ciwon da suka fara jin sauƙi suka shiga wahala. Duk jami'ar da za ta sa hannu da wani kamfani, ta fara tambayar kanta: in ya kasa, wace hanya haƙƙinmu zai bi ya dawo?

Ba kowane abu ne kuma ake kai wa rajista ba. Neman takardar ƙirƙira na buƙatar a rubuta sirrin dalla-dalla, kowa ya iya karantawa. Hajiyar da ke da haɗin yajin da ya sa mata ke layi a ƙofarta, gara ta riƙe sirrinta, ta yi rubutacciyar yarjejeniya da masu yi mata aiki, ta kai sunan kawai Abuja.

Sai batun masa. A Abuja da Kano ana rubuta "Masar Bauchi" a allon shago domin sunan na jawo ciniki, ko da mai tuyar ba ta taɓa taka Bauchi ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane darajar irin wannan suna: kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rajistar asalin wuri a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, shi ya sa ɗan kasuwar Bauchi da ke kai kaya Maraɗi ko Damagaram yake buƙatar wata rajistar a can, domin ta Abuja ba ta ƙetare iyaka. A gida kuwa, dokar 1965 ta tanadi tambarin shaidar inganci, wanda wata hukuma ko ƙungiya za ta riƙe, ta fayyace irin shinkafa da yadda ake tuya, ta ba duk wadda ta cika sharaɗi izinin amfani da shi.

Taimaka wa jama'a kan waɗannan rajistoci aikin Ma'aikatar Ciniki ta jiha ne da cibiyar 'yan kasuwa ta Bauchi. Tebur ɗaya ya isa a fara, da lauya ɗaya wanda ya san fannin, yana zama a ranakun da aka sanar, yana duba wa ɗan kasuwa ko wani ya riga shi rajistar sunan kafin ya zuba kuɗi a buga leda da kwali.